Ƙafar Direba Ta Samu Hutu, Shi Kuwa Yaushe?

Mun bar kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato bayan la'asar, mota danƙare da buhunan albasa, mun nufi Legas. Ni ba direba ba ne. Aikina a gidanmu shi ne riƙon lissafin tireloli biyu na yayana, kuma a wannan karon na ce sai na bi mota da kaina na ga inda kuɗin hanya ke shigewa. Kawuna ke jan ɗaya daga cikinsu, wata DAF 'yar Beljiyam da ta gama cin ƙuruciyarta a Turai kafin ta faɗo hannunmu. Da muka wuce Boɗinga hanya ta ɗan buɗe, sai na ga ya danna wani maɓalli da babban yatsa, ya ɗauke ƙafarsa ta dama daga kan totur, ya miƙe ta, ya sa hannu ɗaya yana matsa gwiwa. Mota ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Allura ta tsaya a kan 60 kamar an kafe ta da ƙusa.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, wa ke taka motar?"

Ya yi murmushi, bai ɗauke ido daga kwalta ba. Ya ce, "Ita ka taka kanta, ɗana. Amma ba ta da ido. Abin da kac ce mata shi taka yi, ko da raƙumi na kwance tsakiyar hanya."

Wannan ita ce na'urar riƙe gudu, wadda a tasha ake ce wa kurus. Tun daga wannan tafiya maganarta ba ta bar raina ba. Na'urar kanta ba abar tsoro ba ce, kuma ba na cikin masu cewa a cire ta. Abin da ke damuna shi ne an ƙera ta ne domin direban da ya ƙoshi da barci, mu kuwa mun ɗauke ta mun miƙa wa mutumin da muka hana runtsawa.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Direba zai taka har ya kai gudun da yake so, ya danna, daga nan kwamfutar inji ta karɓi aikin ƙafa. In mota ta kama tudu ta ƙara mata mai, in hanya ta kwanta ta rage. Da ya taɓa burki ko kuloci sai ta saki, mota ta dawo ƙafarsa. Akwai kuma wani maɓallin da ke mayar da mota gudun da aka ɗaure ta a kai tun farko, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro. Direba ya rage don shiga gari, ya ga kamar ya wuce mutane, ya danna, mota ta yunƙura da kanta tana neman gudunta na ɗazu, alhali ga 'yan talla da masu kura ba su ƙare ba. Ba ta murza sitiyari, ba ta ganin rami, ba ta san ranar kasuwa ba. A gangara kuwa, irin wadda ke cikin tsofaffin motoci iyakarta ta janye mai. Nauyin kaya zai ci gaba da ingiza motar, sai direba ya kama ta da burkin inji da giyar da ta dace.

Wanda ya ƙirƙiro ta wani injiniya ne ɗan jihar Indiyana ta Amurka mai suna Ralph Teetor, wanda ya rasa ganinsa tun yana ɗan shekara biyar. Ana ba da labarin cewa lauyansa ne ya ishe shi, domin in yana tuƙa shi sai ya riƙa ragewa yana ƙarawa gwargwadon yadda hira ta ɗauke shi. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1950, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958. Bayan tsadar man da ta auka wa duniya a 1973 sai ta yi farin jini a Amurka, saboda mutane sun gane tafiya a gudu ɗaya ba ta shan mai kamar taka-ka-saki. Tun daga tushe, ke nan, domin ƙafa da tankin mai aka yi ta. Sababbin tireloli na yau suna da wadda ke aiki da rada, wato na'urar hango abin da ke gaba, ta ga motar da ke gaba ta rage da kanta. Kamfanin Scania a 2011, sai Mercedes a 2012, sun fito da wadda ke karanta taswira ta san tudu na tafe kafin a kai shi. Amma je ka tashar Kwannawa ka duba motocin da ke fake, ko waɗanda ke layin ɗaukar siminti a Kalambaina. Akasarin masu kurus a cikinsu tsohuwar ce, makauniya, wadda Kawu ya siffanta.

Zan fara da alherinta, domin tana da shi, kuma masu zaginta galibi ba su taɓa kwana biyu a gaban tirela ba. Kawu ya haura shekara talatin a kan hanya. Ya fara ne a yaron mota a kan 911 mai bodin katako. Gwiwarsa ta dama yau ba ya iya lanƙwasa ta sosai, a sallah sai ya zauna a gefe ɗaya wajen tahiya. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa da ƙafa ɗaya a danne a wuri guda, in aka ba shi abin da zai sa ya miƙe ta na minti ashirin tsakanin wannan gari da wancan, ba ƙaramin jinƙai aka yi masa ba. Ni da ke zaune a rumfa da biro ba ni da bakin da zan ce a hana shi.

Sai kuma mai. A farkon 2022 litar man gas tana wajen naira 300, kafin 2023 ta ƙare ta haura 1,000. Wanda ke riƙe da littafin mota ya san mai ne ke cinye mafi girman kason kuɗin lodi. Tirela mai ɗauke da tan talatin ko fiye, duk lokacin da aka bar ta ta rage sannan aka sake taka ta, an ƙona man da ba zai dawo ba. Iskar da ke tokare gaban mota kuma ba a hankali take ƙaruwa ba, in gudu ya ninka biyu ita tana ninkawa huɗu. Saboda haka direban da ya ɗaure motarsa a matsakaicin gudu ya bar ta a nan, zai iso da ragowar mai a tanki. Na gani a lissafi, tsakanin motar Kawu da ɗaya motar tamu, a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya.

Wannan kuwa ya fi min hanyar da direbobi da yawa ke bi don tsimin mai, wato sakin mota a firi in an kama gangara. Yawancin masu motoci suna auna wa direba litar da za ta kai shi ta dawo da shi, abin da ya rage nasa ne. Don haka sai ya zare giya ya bar mota ta gangara da nauyinta. A lokacin nan injin ba ya riƙe komai, burki kaɗai ke fama da lodin, ya yi zafi har ya daina kamawa. Da yawan abin da ake ce wa “burki ya tsinke” daga nan yake farawa. In har kurus za ta koya wa yaro cewa ana iya tsimin mai ba tare da an zare giya ba, to ta yi mana aiki.

Dare ne ya nuna min ɗaya fuskar.

Mun yi magariba da lisha a Jega, muka ci abinci. Bayan mun wuce Koko, dare ya raba, Kawu ya ba mataimakinsa mota, ya haye gadon da ke bayan kujeru ya ce a tashe shi kafin Yawuri. Matashi ne mai ladabi, bai daɗe da karɓar lasin ba. Abin da na sani, wanda kuma ya kamata ya hana ni barin sa ya karɓi sitiyari, shi ne daren jiya suka dawo daga wata tafiyar, kuma tun asuba yana tsaye a kan masu lodi yana ƙirga buhu. Ni ne na matsa a juya motar a ranar, saboda dillalinmu na kasuwar Mil 12 da ke Legas ya bugo ya ce kaya sun yi ƙaranci, farashi ya tashi.

Ya taka har allura ta kai 80, ya danna, ya janye ƙafa. Kukan inji ya daidaita, ba hawa ba sauka, irin kukan da ke sa jariri barci a bayan uwarsa. Ina kallon fitilar mota tana lasar kwalta. Da na waiwaya sai na ga kansa ya sunkuya, hannuwansa biyu na kan sitiyari, idonsa a rufe. Bakina ya yi nauyi. Ban fi ƙirga uku ba tayoyin dama suka sauka daga kwalta suka hau tsakuwa, motar ta yi wata irin girgiza, ya farka a firgice ya fizgo ta. Allah ya sa babu kowa a gefen, babu kwalbati, babu motar da ta lalace aka bari ba alama. Allura kuwa tana nan a 80, ko gezau.

A gudun kilomita 80 cikin awa, mota na cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ukun nan mita sittin da wani abu ne muka tafi babu direba.

Kawu ya diro daga gado. “Tsaya. Nac ce ka tsaya!” Bai ƙara ɗaga murya ba bayan wannan. Ya karɓi motar ya ja mu a hankali har garin da ke gaba, muka shiga cikin wasu tireloli da ke fake, ya kashe inji ya ce kowa ya kwanta. Na ce, “Kawu, albasa fa?” Ya ce, “Ta ruɓe.”

Da safe a teburin mai shayi ya yi min bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba. Ya ce, “Da can in kwana ya saci direba, ƙahwa ka hwara gaya maka. Totur ya sake, kukan inji ya sauka, ko kana bisa kaya ka ji. Haka maigidana yak koya man: in ka ji kuka ya sauka, ba tudu ba rami, to tada shi. Yanzu wagga aba ta riƙe kukan. Mutum na kwana, mota na ta waƙa awa lahiya lau.”

Hausawa sun ce jiki magayi. Ba kowane mai gyangyaɗi ne ƙafarsa ke saki ba, wani dannawa take yi. Amma a da akwai alama, canjin gudu da canjin kuka, wadda yaron mota ke ji, direban da ke biye ke gani, shi kansa mai gyangyaɗin take farkar da shi. Kurus ta shafe wannan alama. Ta kuma rage wa direba aikin da ke sa shi a farke. Mutumin da ke taka totur yana saki, yana sauraron inji yana canza giya, jikinsa na cikin aiki. Wanda aka ɗauke wa duk wannan, a miƙaƙƙiyar hanya cikin dare, ba abin da ya rage masa sai kallo, barci kuwa ɓarawo ne.

A wannan safiya na lura da wani abu a saman gilashin gaba, kamar gidan rediyon mota amma da 'yar ƙofa ta zura kati, ƙura ta cika shi. Na tambaya, Kawu ya ce agogon Turawa ne, tun da motar ta zo bai taɓa aiki ba. Daga baya na bincika na gane ko mene ne. Takogiraf ake ce masa, aikinsa rubuta gudun mota da awannin da direba ya yi yana tuƙi da waɗanda ya yi yana hutu. Na da a kan faifan takarda yake zanawa, daga 2006 sababbin motoci a Tarayyar Turai suka koma mai kati, kowane direba da nasa. Dokarsu ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa tara yana tuƙi a yini, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai goma. Bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Hutun kwana na ƙa'ida awa goma sha ɗaya ne. Jami'i na iya tsayar da shi a hanya ya karanta katin, kuma tara ba ta tsaya kan direba kaɗai ba, har kamfanin da ya aike shi. A Amurka ma awa goma sha ɗaya ce iyakar tuƙi bayan hutun awa goma.

Ashe motar nan daga masana'antarta ta Eindhoven a ƙasar Holan da abu biyu ta fito, ɗaya mai hutar da ƙafa, ɗaya mai tilasta a hutar da mutumin gaba ɗaya. Tare aka yi su su yi aiki. Da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta iso hannunmu, sai muka riƙe na farkon saboda yana rage mana kuɗin mai, muka bar na biyun ƙura ta cinye saboda yana rage mana yawan lodi. Littafin motar ma, da ke gargaɗin kada a yi amfani da kurus a ruwan sama ko santsi ko cunkoso, ko bai zo ba, ko ya zo da yaren da babu mai karanta shi a garejin.

A yi lissafi da gaskiya. Daga Sakkwato zuwa Legas ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori da Ibadan, wajen kilomita 1,000 ne. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Ko Kawu da duk natsuwarsa, 60 ɗin da yake ɗaurewa bayan Boɗinga ya ɗara abin da doka ta ce. In aka bi 50, awa ashirin ke nan na tsantsar tuƙi, ba a sa sallah ba, ba a sa abinci ba, ba a sa faci ba, ba a sa ramuka ba. A ma'aunin da aka ƙera motar a kai, wannan ya fi aikin kwana biyu ga direba ɗaya. Mu kuwa me muke cewa in mun ɗaga waya? “Har yanzu ba ku wuce Mokwa ba?”

Yatsan direba ne ke danna maɓalli, amma lambar da allura ke tsayawa a kai, mu da ke gida muke zaɓar ta. Mai albasa na tsoron kada zafi ya dafa masa kaya a cikin buhu. Mai shanun da ya yi lodi a Illela ko Acida na tsoron kada wata ta faɗi a take ta. Dillali na son kaya su riga na wani shiga kasuwa. Direba kuma da yawan zuwa ake biyan sa, wanda ya kwanta ya yi barci aljihunsa ne ya yi asara. Ga shingaye, na hukuma da na masu karɓar haraji iri-iri, kowanne ya ci minti goma ko rabin awa. Ga tsoron 'yan bindiga, wanda ya sa mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ke neman ya tsallake wasu wurare kafin rana ta faɗi, ya kuma sa ba ko'ina mutum zai iya fakawa ya runtsa ba. Duk lokacin da aka ci masa a waɗannan wurare, a ina zai fanshe? A ɗan buɗaɗɗen wurin da kwalta ke da kyau, wato daidai inda kurus ke aiki. Sai ya ɗaure ta a 80 ko 85, ya ɗora goro da shayi mai kauri a kan gajiyar kwana biyu, wani ma ya ɗora ƙwaya.

Na ji masu cewa a sa bakanike ya cire wayar kawai a huta. Na fahimci tsoronsu, ni ma na ji shi a daren nan. Amma yaron da ya yi gyangyaɗi a gabana, da babu kurus ma gajiyayye ne, kuma ni na gajiyar da shi. In an cire maɓalli an bar wayar da ke damun sa da “kun kai ina”, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kuma za a hukunta irin su Kawu da ke amfani da ita yadda ya kamata.

Na zauna kusa da shi kwana uku ina kallon yadda yake yi. Ƙafarsa in ta bar totur ba ta hawa kujera, tana nan a ƙasa dab da burki. Da ya hango itatuwan dogon yaro sun yi layi ya san gari ne, sai ya ɗan taɓa burki na'urar ta saki, tun kafin ya ga mutum ko akuya. Ba ya komar da ita sai ya bar gidan ƙarshe a baya, ya ga daji ya buɗe hagu da dama. Ba ya taɓa ta in hadari ya zubo, ko hazon hunturu ya rufe gaba, ko a gangara, ko yana biye da wata mota. Da dare kuwa sam. In ka haɗa duka, ko kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar bai yi da ita ba. Wannan ilimi ne, kuma ba a rubuce yake a ko'ina da Hausa ba. Yana cikin kan tsofaffin da gwiwarsu ta kusa ajiye su. A gefe guda kuma na ga bidiyon wani matashi a waya, ya naɗe ƙafafu biyu a kan kujera yana nuna wa duniya motarsa na tafiya da kanta. Shi ma wani ya ba shi makulli.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu daga 1 ga Fabrairu 2017. Mutane da yawa, har da masu motoci, suna ɗauka ita ce kurus. Ba ita ba ce. Mai ƙayyade gudu rufi ce, tana hana mota wuce wata lamba ko an taka totur har ƙasa. Kurus kuwa riƙewa take yi a inda aka ajiye ta. Tirelolin Turai da rufinsu suke zuwa, amma a 90 aka sa shi, daidai da dokarsu da hanyoyinsu. Ke nan direba na iya ɗaure motarsa a 85, rufin bai ce masa uffan ba, alhali ya wuce ƙa'idarmu da 25 a tagwayen hanya, da 35 a irin tamu ta Tambuwal. Bambancin kuma ba na wasa ba ne. Ƙarfin da burki zai kashe kafin mota ta tsaya a gudun 80 ya kusa ninka na gudun 60 sau biyu. Mai mota da ya ce “ai motata da limita ta zo” ya kwanta da wannan, ya yaudari kansa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce shi ne sabuwar hanya. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a Illela, mai tsawon kilomita 1,068, ta kankare. Ina roƙon Allah ya nuna mana ƙarshenta, domin manomin albasa na Gwadabawa da Kware da Wurno zai ci moriyarta. Amma a yau ramuka da kwanoni da kasuwannin bakin titi su ne ke tilasta wa direba ya taɓa burki kowane 'yan mintuna, su ke farkar da shi ba da niyya ba. Ranar da aka ba shi shimfiɗaɗɗiyar hanya miƙe sumul, zai ɗaure mota ya yi awa biyu bai motsa ƙafa ba. In a ranar har yanzu mutumin da bai yi barci ba ne a kan kujerar, haɗurran za su ragu a yawa wataƙila, amma wanda ya auku ba za a fitar da kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka tun ana zuba kankare ya kamata a san inda tirela za ta tsaya: fili mai tsaro, da masallaci da ruwa da makewayi, a tazarar da ba ta wuce tuƙin awa huɗu ba. Ba za ka ce wa mutum ya huta ba alhali inda zai faka ɗin ne ake sace mutane. Shugabannin ƙungiyar direbobi da ta masu motoci su tara tsofaffin hannu a tasha su koya wa yara wannan na'ura da Hausa, a gaban mota, maɓalli bayan maɓalli, kafin a ba su makulli. Jami'in kiyaye haɗurra da ke duba taya da abin kashe gobara ya samu hanyar tambayar awa nawa mutumin nan ya yi a farke. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci tuni suna da na'urar bin sawu da ke nuna musu inda kowace mota take, wadda ta iya nuna an tsaya sayar da mai za ta iya nuna ba a tsaya barci ba. In kuma aka yi haɗari aka gano direba ya kwana biyu bai runtsa ba, a nemi wanda ya aike shi, kada a tsaya kan wanda ke kwance a asibiti ko a makabarta.

Wannan na ƙarshe a kaina yake faɗawa, kuma na yarda ya faɗa.

Da muka dawo na gaya wa yayana duk abin da ya faru. Na ce, “Yaya, motar da ta iso da dare ba za ta sake juyawa a washegari ba, sai sun kwana a gida.” Ya ce wasu za su kwashe mana lodi. Gaskiya ya faɗa, sun kwashe wasu. Na ƙara layi ɗaya a littafina, bayan na mai da na kuɗin hanya, inda nake rubuta garin da suka kwana da ƙarfe nawa suka tashi. Na daina buga waya bayan lisha. A tafiyar da ta wuce albasarmu ta shiga Mil 12 a makare da yini guda, ta tarar kasuwa ta cika, kowane buhu ya sauka. Yaya ya yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shi kuwa yaron, Kawu bai kore shi ba. Ya samo baƙin salatif ya liƙe maɓallan, in shi zai ja sai ya ɓamɓare, in zai ba yaron sai ya mayar. Ya ce masa sai ya shekara yana bin hanyar nan da ƙafarsa, ya san kowane gari da ranar kasuwarsa, sannan a yi maganar cirewa. Yaron ya ce, “To, Maigida.” Jiya da na leƙa motar a Kwannawa zafin rana ya sa salatif ɗin ya fara saki ta gefe, Kawu ya aike ni shagon da ke bakin tasha na sayo masa sabo.